Miyar Lalle

Malam Ja'afaru ya shigo gida ko sallama babu, ya dire langar miya a gaban matarsa har murfin ya yi tsalle.

"Lantana, me kika tura mana waje?"

"Abin da na saba turawa. Tuwo da miyar kuka."

"Lalle ne. Lalle kika kaɗa wa dattawan unguwa."

Ta tsaya da kofin kunu a hannu. Azumin Litinin ta kai, shi ya sa ba ta ɗanɗana miyar ba, ga mura ta toshe mata hanci.

Tun farkon aurensu, kowace magariba magidantan layinsu a Makarfi ke haɗuwa a ƙofar gidansa su yi ciyayya, kowa da kwanon gidansa, kuma na Lantana ake fara buɗewa. Yau da aka kai loma baki, kowa ya nemi inda zai tofar. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Iliyasu, amininsa, mutumin da ko tuntuɓe ka yi sai ya yi mako yana maka tsiya. Iliyasu bai yi dariya ba. Rufe langar ya yi, ya ce, "Mun ƙoshi, a gaida mutanen gida."

"Da zagina ya yi da ya fi mini," in ji Malam.

Lantana ta ajiye kofin. "Wa ya taɓa mini kaya?"

"Gyarawa na yi."

"Wa ya aike ka?"

Babu wanda ya aike shi. Tunda ciwon gwiwa ya raba shi da fataucin mazarƙwaila, zaman gida ya ishe shi. Jiya da ta tafi suna Gazara, ya shiga madafa ya ga tarkace: gwangwanayen madara masu tsatsa, ƙwarya mai ɗinki, tsofaffin kwalabe. Ya kwashe su ya jibge a bayan rumbu. Ya ɗauko robobin da 'yarsu Naja'atu ta aiko da su daga Kaduna, farare iri ɗaya, ya juye komai a ciki, ya rubuta wa kowace sunanta da ajami. Har turmi ya jawo daga gurbinsa ya kai inuwa. Sannan ya zauna jiran godiya, irin ta mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba.

"Tun aurenmu ba ka san hanyar madafa ba sai in ƙamshi ya kira ka," ta ce. "Yanzu da kasuwa ta sallame ka, ni ka samu?"

"Ni kasuwa ta sallama?"

"To me? Ka je ka gyara majalisarku mana. Tabarmar da kuke zama a kai ko akuya ba ta kwanta."

Ya shiga madafa a fusace, ya fito da roba, ya ɗaga ta a ƙarƙashin ƙwan fitila.

"Ke 'yar malamai ce, a gidan allo kika tashi. Karanta. Me na rubuta a nan?"

Ta ɗaga kai wajen fitilar.

"Karanta, na ce!"

Ta miƙa hannu za ta fizge robar. Hannun ya wuce ta gefe, ya kamo iska.

Malam ya tsaya. Sai yanzu ya lura ba robar take kallo ba, wani wuri take kallo kusa da kafaɗarsa. Ya sunkuya ya dubi idanun da ya daɗe da daina duba. Wani fari-fari ya kwanta a kan ƙwayar, kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Lantana..."

"Kada ka kira ni. Kuka tana gwangwanin da ya lotse, hannun hagu. Lalle yana ƙwarya, can sama. Gishiri kwalba mai guntun baki. Hannuna ya san su duka. Ka zo ka mayar mini da su abu ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Tun saran rake na bara waccan."

"Kina gidana, kina ba ni abinci, ba ki faɗa mini ba?"

"Kana gidan, kana cin abincin, ba ka gani ba?"

Sai fushinsa ya nemi wata ƙofa. "Wa ya sani?"

"Ummulhairi. Ita ke sa mini zare a allura."

Ummulhairi matar Iliyasu ce. Malam ya tuna yadda Iliyasu ya rufe langar a hankali, ya ji kamar an mare shi. Ashe a tabarmar nan shi kaɗai ne baƙo a gidansa.

"Matar wani ta sani, mijinta ya sani, ni ne bare?"

"Kai bakinka ba ya riƙe magana. Da ka ji, ka kira Naja'atu a waya. Ta zo da mota ta kwashe ni, ta ajiye ni a bene kamar buhu, inda ban san ko hanyar bayi ba. A nan na san komai, Malam. A nan ni mai ido ce." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Kuma in na tafi, wa zai tura maka kwano waje? Ka zauna kana cin na mutane?"

Da ta gyara zama, zaninta ya ja sama kaɗan. Ya ga ƙaurinta a kumbure, fatar ta saɓule.

"Wannan fa?"

"Da turminka na inuwa na yi karo."

Ya zagaya bayan rumbu, ya dawo rungume da gwangwanaye, ya durƙusa a ƙofar madafa duk da gwiwar.

"Faɗa mini. Wanne ne na hagu?"

"Ka bar su. Ka ɓata ka gama."

"Lanti."

Rabonsa da kiranta haka tun Naja'atu tana goye. Ta kawar da kai, amma ta miƙo hannu. Ya riƙa sa mata su ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa tana faɗin na mene ne, tana haɗawa da faɗa.

"Ba nan ba. Sama. Kai da kake da ido ma ba ka gani."

"Jibi za mu asibitin ido a Zariya," ya ce. "Ni da ke. An cire wa Malam Mu'awiyya na layinmu irin wannan yanar, ga shi yana karatu."

"Naja'atu fa?"

"In ta zo da motar, ta ɗauke mu mu biyu ko ta koma ita kaɗai."

Lantana ta yi tsaki, hawaye na bin kumatunta. Ya tashi ya kama turmin, ya mirgino shi yana nishi har tsakar gida, turmin ya faɗa cikin tsohon gurbinsa daram. Ta ji ƙarar, ta miƙe, ta ratsa tsakar gidan kai tsaye ba tare da laluben bango ba.

"Kira Iliyasu," ta ce daga cikin madafa. "Ka ce kada su watse. Akwai sauran tuwo, miya ba ta daɗewa."