Dokar Shiru a Ɗakin Gwaji

Ranar da Auta ta fara ganinsa, da an ba ta dama da ta kwaɗa masa rimot ɗin da ke hannunsa a tsakiyar ka.

Gem suke haɗawa a ƙaramin kamfanin da take aiki, irin wanda mai wasa ke zama jarumin labari, ya zaɓi sunansa da makaminsa, ya shiga duniya. Rabonta a aikin shi ne darasin farko, ɗan sashen buɗewa da ke koya wa baƙo yadda zai yi tafiya, ya buɗe jaka, ya kare kansa. Wata da watanni ta ɓata a kansa. Ta gina wani gida a bakin daji, ta zaunar da wata tsohuwa mai sanda a ciki ta zama malama, kuma duk kalmar da tsohuwar ke faɗa Auta ce ta rubuta.

Sai ga wani dogon saurayi cikin masu gwajin da aka ɗauko. Ya zauna ya miƙe ƙafafu kamar a falon gidansu. Tsohuwa ta buɗe baki ke nan za ta yi masa maraba, ya danna maɓallin tsallake bayani.

Auta tana zaune a bayansa, ba halin magana. Dokar ɗakin gwaji ke nan: mai lura ya zauna a baya ya ja bakinsa, ko mai wasa zai yi kuka ba a taimaka masa, domin ranar da gem ya fita kasuwa ba wanda zai zauna a bayan kowa. Haka ta haɗiye fushinta tana kallo kurar farko ta cinye shi, don bai san inda ake ɗaga garkuwa ba. Da ya tashi kuwa, ko kunya bai ji ba, ya ce wa manaja wasan ya yi tsauri.

A bakin matakala ta tare shi, ta wanke shi tas. Ya tsaya yana saurare har ta kai aya, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama, amma tsohuwarki ta cika surutu. Na zo yaƙi, ita kuma ta zaunar da ni lacca."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Daga ranar ta laƙaba masa Ɗan Tsallake, sunan kuma ya bi shi har bayan da kamfanin ya ɗauke shi aiki. Faɗa suka yi ta yi a kan tsohuwar nan. Shi yana cewa a bar mutum ya taɓa abu da hannunsa, ita tana cewa ai ba a haifi kowa da rimot a hannu ba. Suka rage wa tsohuwa magana, suka sa kura ta leƙo ta taga tun da wuri don mutum ya nemi garkuwa da kansa. Ana cikin haka aka wayi gari shayin da yake haɗawa a ofis ya koma kofi biyu, ita kuma ta daina tafiya gida sai ya rufe kwamfutarsa.

Saƙonsa na farko da ba na aiki ba ta karanta shi ne a cikin motar haya.

"Malamata, yau ban tsallake komai ba. Duk faɗan da kika yi min na saurara har ƙarshe, kuma ina neman ƙari."

Ta rubuta masa, "Allah ya shirye ka, Ɗan Tsallake." Ta goge, ta sake rubutawa, "Allah ya shirye ka, Tsallakena." Ta tura, ta kife wayar a cinya tana jin haushin kanta.

An ba shi kujerar lura a ɗakin gwaji, kuma a tarihin ofishin ba a taɓa samun mai riƙe dokar shiru kamarsa ba. Mutumin da a waje bakinsa ba ya hutawa, da ya zauna a kujerar nan sai ya zama dutse. Auta tana alfahari da shi a kan haka, ba ta san abin da zai jawo musu ba.

Manaja ya ce ana neman manya waɗanda ba su taɓa riƙe rimot ba, su gwada darasin farko. Nan Auta ta ga ta samu dabara. Mama ta riga ta san da maganar saurayin, Baba kuma ya ji ƙishin-ƙishin. Me zai fi a kawo Baba ya gan shi a bakin aikinsa, cikin natsuwa, kafin a je gaisuwa gida?

Baba tsohon shugaban makaranta ne. Ya ƙare rayuwar aikinsa ne yana tambaya yara suna miƙewa tsaye su amsa. Ya zo cikin shigarsa ta fita, da tabaransa a aljihu. Da yake Auta 'yarsa ce, ba a bar ta ta shiga ba. Ita ta ɗauka manaja zai yi wa Baba bayanin doka, manaja ya ɗauka ta yi masa tun a gida, Ɗan Tsallake kuwa ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya yi wasa yadda ya ga dama, ya koma kujerarsa.

Ta gilashin ƙofa take leƙe. Baba ya yi tafiya, ya buɗe jaka, har ya kori kurar taga, ta ga kafaɗarsa ta ɗago. Sai ya iso ƙofar fita daga gidan tsohuwa. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an riƙe maɓalli an daɗe, kuma babu abin da ya nuna haka sai wani ɗan zobe a gefen allo. Baba ya danna, ya sake dannawa. Jaruminsa ya dinga buga goshi a katako.

Baba ya juyo ya ce, "Yaro, wanne zan danna?"

Ɗan Tsallake ya sunkuyar da kai yana rubutu.

Baba ya sake tambaya, muryarsa ta sauya. Shiru. Auta tana ganin gumi na tsattsafo wa saurayinta a wuya, tana roƙonsa a zuci ya karya dokar ko sau ɗaya a rayuwarsa. Bai karya ba. Biro ɗinsa kawai ke tafiya.

Mai Zane ne ya ture ta ya shiga. Shi ne ke zana jaruman gem ɗin, kuma ya daɗe yana neman Auta tana kakkaucewa. Ya durƙusa, ya zare rimot daga hannun Baba, ya buɗe ƙofar cikin ƙiftawar ido, yana ta "Baba sannu, Baba ai ba laifinka ba ne." Har mota ya raka shi.

Da yamma gidan ya ɗauki zafi. Baba ya ce shi dai a rayuwarsa yaro bai taɓa wulaƙanta shi haka ba, kuma in wannan ne wanda ake ta ɓoye-ɓoye a kansa, to a cire shi a lissafi, ba shi ba 'yarsa. Auta ta yi ƙoƙarin bayyana dokar, ya ce dokar da ta hana yaro amsa wa babba ba a gidansa za ta yi aiki ba. Ya ƙara da cewa ga yaro mai tarbiyya nan, wanda ya raka shi mota.

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Ɗan Tsallake, "Babana ya tambaye ka, ka yi masa banza. Gobe ka zo ka ba shi haƙuri."

Amsar ta zo da sauri. "Malamata, wallahi raina ya fi naki ɓaci. Amma aikina na yi. Da na taimake shi da ba mu gano ƙofar nan tana da matsala ba."

"To madalla. Ka gano ƙofa, ka rasa ni."

Ta kashe wayar.

Makonnin da suka biyo baya kowa a ofis taka-tsantsan yake yi da ita. Ta mayar da teburinta kusa da taga, ta daina shan shayi gaba ɗaya. Tana fushi da shi don taurin kansa, tana fushi da Baba don ya ƙi saurare, tana fushi da manaja, kuma fiye da kowa tana fushi da Mai Zane, wanda ya mayar da gidansu wurin zuwa, kullum da ledar 'ya'yan itace. Duk da haka in ta hango Ɗan Tsallake ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai zuciyarta ta karye, wannan ma ya ƙara mata haushi. Ƙofar gem ɗin dai ta gyara ta, ba tare da ta ce masa uffan ba.

Mama ce ta fara kawo mata labari mai daɗi, tana ninke kaya. Ta ce Baban naki fa ya fara gajiya da mai ledar nan. Ko waya Baba ya ɗauko zai duba saƙo, yaron zai zare ta ya ce bari ya yi masa. In Baba ya fara magana, shi zai ƙarasa masa. Jiya har tabarau ya so ya sa masa. "Ya mayar min da miji kamar majinyaci," in ji Mama. "Shi kuma naki gogan, girman kan me yake yi? Ƙafarsa ciwo take?"

Auta ta ɗauko waya ta tura wa Ɗan Tsallake maganar Mama yadda take, ba ragi.

Washegari da hantsi ya zo, shi da yayansa. Auta tana bayan labulen falo, Mama na gefenta. Ya durƙusa a gaban Baba bai ɗago ba, ya ce ya yi kuskure, ya kamata tun kafin a fara ya yi bayani da bakinsa, kuma ya kamata ya zo tun washegarin ranar.

Baba ya bar shi a durƙushe ya daɗe. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Shirun bai dame ni kamar rubutun ba. Ina fama, kai kana zaune kana rubuta wautata, don ku karanta a ofis ku yi dariya."

Sai yanzu Auta ta gane inda ciwon yake, idonta ya ciko.

"Baba, ko kalma ɗaya ban rubuta a kanka ba," in ji Ɗan Tsallake. "A ɗakin nan mai wasa ba ya laifi. In ya maƙale, mu ne muka gaza. Abin da na rubuta shi ne ƙofar ba ta yi ba."

"Wa ya yi ƙofar?"

Yayan ya soma kallon silin. In Ɗan Tsallake ya faɗa, ya zargi 'yar mutum a gaban ubanta. In ya yi shiru kuma, to an koma gidan jiya.

Auta ta yaye labule. "Ni na yi ta, Baba. Kuma ya yi gaskiya, ƙofar banza ce. Amma wannan bai hana shi zama mai taurin kai ba."

Baba ya dube ta, ya dube shi, ya ce a kawo masa abin.

Ta ɗauko kwamfutarta ta jona rimot. Baba ya sa tabarau. Wannan karon hannun ƙofar yana haske, kuma tsohuwa ta ce a taƙaice, "Riƙe da ƙarfi, ɗana, ta tsufa kamar ni." Ya riƙe, ƙofa ta buɗe, jaruminsa ya fita cikin daji. Bai yi nisa ba ya iso wani rafi da gungume a kwance a matsayin gada, ya faɗa ruwa. Ya sake gwadawa, ya sake faɗawa.

Ɗan Tsallake, wanda ya sha wuya ya koyi hankali, ya matso da sauri. "Baba, in ka danna na hagu..."

"Wa ya tambaye ka?" Baba ya daka masa tsawa, idonsa na kan allo. "Yi min shiru."

Ya yi shiru. Kowa ya yi shiru, har Mama da ta fito da tire a hannu. Baba ya ciji leɓe, ya karkata jiki kamar shi ne a kan gungumen, a hankali a hankali har ya haye. Ya ajiye rimot a kan cinya, ya cire tabarau yana gogewa, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi bai iya ba.

Ya dubi yayan ya ce ya je ya gaya wa manyansu yana jiransu.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Mai Zane bai zo ba, ya ce yana da aiki. Auta ta sha alwashin ba za ta yi kuka ba, kuma ta cika alkawari har lokacin da za a tafi da ita, Baba ya sa aka kira masa su biyun ɗakinsa.

Ya kama hannunta ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya dubi angon.

"Ga ta nan. Tana da faɗa, a wurina ta gado. Ni na yafe maka shirun da ka yi min, don na aiki ne. Amma ita, duk ranar da ta juyo ta tambaye ka, ko ba ka san amsa ba, ka buɗe baki ka yi mata magana. Kada ka bar min 'ya tana buga kai ita kaɗai kana kallo."

"In sha Allah, Baba," in ji angon.

Nan Auta ta fashe da kuka, ta kifa kai a gwiwar mahaifinta. Baba ya dafa kanta, ya miƙa ɗaya hannun ya dafa na mijinta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin magana. Ku tashi ku je, mota na jira."