Hedifon Ɗin Da Bai Manta Ba

Barci take nema, shi ya sa matar Direba ta sauka daga motar ma'aikata tun kafin a iso layinsu, ta ratsa ta ƙarƙashin gadar sama inda masu gyaran waya ke jera teburansu. Rana ta yi ja, kowa na tattara kayansa.

Tun asuba take tsaye a ɗakin wanki na otal, tana goge zannuwan gadon da wasu za su yi minshari a kai. Ƙafafunta sun kumbura. Babban yatsanta na dama ya sage saboda riƙon dutsen guga, ba ya lanƙwasuwa sai ta cije leɓe. A gida kuma ga mijinta kwance. Tun da motarsa ta kife aka naɗe masa ƙafar hagu da siminti daga cinya har idon sawu, ba shi da abin yi sai wasan gem a waya. Mutumin da ya saba murza babbar mota ya koma harbin mutanen ƙarya, shi da wasu samari da bai taɓa gani ba. Ɗakin kuwa kamar tafin hannu, in bindiga ta tashi a wayar sai ka rantse a cikin filo take. Ta kasa hana shi, don ta ga ranar da caji ya ƙare masa. Juya fuska ya yi ga bango, ya yini bai ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi bindigar tayar mata da hankali.

Ta tsaya gaban wani mai gyara da ke zuge jakarsa.

"Abin kunne nake so, na masu gem. Wanda ba igiya a jiki."

"Hedifon ke nan, Hajiya." Ya duƙa ya zaro wani baƙi daga ƙarƙashin tebur, mai manyan kunnuwa da ɗan sandan magana a gefe. "Na hannu ne, amma garau yake. Wani ya kawo, wai na ƙaninsa ne, ba sa son ganinsa a gidan."

"Ƙanin ya gaji da shi ne?"

Mai gyara ya dai nuna mata wani madanni a bayan kunnen dama.

"Ki ji da kyau. Abin nan yana riƙe wanda ya saba da shi. Kafin ki haɗa da wayarku, ki danne nan, kar ki saki sai wutar ta koma ja da shuɗi, ja da shuɗi. To ya manta da na da ke nan. Sannan ki buɗe bulutut a wayar, abin da ke haɗa su ba igiya, ki neme shi. In kika saki da wuri, tsohon abokinsa zai koma nema."

"Na ji."

Ta ji ɗin, amma irin jin mai gyangyaɗi.

Ɗakinsu shi ne na ƙarshe a saman benen da suke zaune. Daga ƙofarsu matakalar ta ci gaba zuwa rufi, inda mai gidan ya kakkafa rodi da niyyar ƙara hawa ɗaya, niyyar da ta tsufa ta bar rodin na tsatsa. Ba katanga a can, ba komai sai tankin ruwa da igiyar shanya. Ta hau tana jan ƙafa. Tun daga tsakiyar matakala ta fara jin harbi.

"Sannu da zuwa, Gimbiya," in ji Direba daga kan gado. "Me aka kawo wa gurgu?"

"Abin toshe wa wayarka baki. Kawo ta nan, Direba, in ga ko yau zan san na kwana a duniya."

Direba take ce masa tun suna saurayi da budurwa. Sunansa na yanka bai taɓa fitowa daga bakinta ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Da farko kunya ce, daga baya ya zama abin tsokana tsakaninsu. Yakan ce, "Ko dai kin manta sunan ne? Faɗa sau ɗaya in ji, in mutu da daɗi." Ita kuma ta ce ya yi ta jira, ai mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Ta karɓi wayar, ta fita daga gem ɗin, ta buɗe bulutut, wani ɗan zobe ya fara juyi a fuskar wayar alamar nema. Ta zauna bakin gado, ta ɗora yatsan nan mai ciwo kan madannin hedifon ta danna. Wata 'yar wuta shuɗiya ta fara ƙiftawa. Zafi ya taso mata daga yatsa har gwiwar hannu. Ta daure kaɗan, ta ƙara kaɗan, sai ta ce a ranta, ai shuɗi ma wuta ne, ta saki.

Wutar ta daina ƙiftawa, ta tsaya cak. Abin ya yi ɗan ƙara siriri, ting.

"Ya kama!" in ji Direba, ya fizge kamar yaro, ya kifa a kai. Ta ajiye masa wayar a gefensa ba tare da ta duba ba. Daga nesa an fara kiran magariba. Ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta kafin ta yi alwala, ta kishingiɗa a ƙarshen gadon da mayafinta a jiki. Shiru ya sauka a ɗakin, mai sanyi, mai daɗi, har ta ji kamar ta yi kuka don godiya. Idonta ya rufe.

"Na'am."

Abin da ya farkar da ita ke nan. A hankali aka faɗa, da murya mai taushi, irin wadda bai yi mata ba tun suna amarci.

Kakarta ce ta fara faɗo mata a rai. Tsohuwar nan ta sha ja musu kunne suna yara: in rana ta faɗi aka kira ka, kar ka amsa sai ka ga fuskar mai kiran.

Ɗakin ya yi duhu-duhu. Akwai wani wari da ba ta bari ba, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na bakin tsohuwar rijiya. Direba na zaune a miƙe, hannuwansa a kan cinya. Murmushi yake yi wa ƙofa.

Wayar na nan inda ta ajiye ta. Ba a buɗe gem ba. Ɗan zoben nan yana ta juyi, yana nema, bai samu komai ba.

A kan hedifon kuwa wutar na tsaye, shuɗiya shar.

"Direba," ta ce da raɗa. "Da wa kake magana?"

Bai juyo ba.

"Ashe kin iya," ya ce wa ƙofar. "Sake faɗa."

Ta matso da kunnenta kusa da nasa. Wata murya na yoyo daga cikin abin, ƙasa-ƙasa. Mace ce. Sai da ta sake saurara ta gane muryar.

Muryarta ce, tana kiransa da sunansa na yanka, tana jan sunan a hankali.

"Ga ni nan zuwa," in ji Direba.

Ya miƙe.

Mutumin da ko banɗaki ba ya zuwa sai ya rataya a kafaɗarta. Sandunansa na jingine a bango, bai ko kalle su ba. Ya taka ƙafar simintin a ƙasa. Ƙwas. Ya buɗe ƙofa. Bai yi ƙasa ba, sama ya nufa.

Ta bi shi ba takalmi. Ta kama rigarsa, ya ja ta kamar ba kowa. Ta kira maƙwabta, ba wanda ya leƙo. Ƙwas. Ƙwas. A kowace taka tana jin wani abu na ƙara a cikin simintin, kuma fuskarsa ko gezau.

Suka fito rufi. Sauran jan rana kaɗan ya rage a gefen sama. Iska ba ta motsi, amma igiyar shanya na lilo. Ba hon ɗin mota, ba kukan yaro, garin duk ya yi tsit kamar an kife shi da kwano.

Can gaba da bakin rufin, inda babu daɓe, babu komai sai iska, ta ga 'yan wutace shuɗɗa a jere. Tsayin kan mutum suke. Ba sa ƙiftawa.

Wurinsu ya nufa.

Ta daka tsalle ta ɗafe bayansa, ta kama hedifon da hannu biyu ta fizga. Sanyi ƙalau, kuma ya ƙi motsi, kamar da shi aka haife shi. Ta sake fizga. Kansa ne ya biyo, abin bai biyo ba.

Ya wuce tanki. Ya wuce rodi na farko.

Sai maganar mai gyara ta dawo mata. Ta lalubi bayan kunnen dama, ta sami madannin, ta dasa yatsanta.

Zafi ya tsarga mata har ƙeya.

Muryar ta daina kiransa. Yanzu da ita take, kuma ba daga hedifon take fitowa ba, daga cikin kunnenta ne.

"Saki mana. Kin gaji."

Ba ta saki ba.

"Wa ya taɓa ce miki sannu? Nan ba guga. Ba tashin asuba. Kwanciya kawai."

Wallahi maganar ta shige ta. Ta ji gajiyar shekaru ta sauko mata gaba ɗaya, ta ji yadda zai yi daɗi ta buɗe hannu kawai. Idonta ya fara lumshewa.

Aka kira sunanta. Da muryar Kaka.

Bakinta ya buɗe da kansa.

Ta cusa haƙora a kafaɗar rigarsa ta cije, tana neman tsari a zuci. Yatsan ya mutu, ba ta ma jin sa. Ta ɗora ɗayan hannun a kai ta danne.

Ƙwas.

Yatsun ƙafarsa sun zarce bakin rufin.

Ja. Shuɗi. Ja. Shuɗi.

Direba ya kurma ihu, ihun mai karaya, ya zube da baya a kanta kamar buhu. Hedifon ya sulluɓe, ya gangara, ya faɗa ta bakin rufin. Ta kasa kunne, ba ta ji saukarsa ba. Da ta ɗaga kai wutacen sun ɓace, hayaniyar gari ta dawo, wani na ta danna hon a ƙasa kamar ba abin da ya faru.

Maƙwabta ne suka sauko da shi a cikin bargo. A asibiti aka ce ƙashin ya sake gocewa, aka yi sabon ɗori, aka yi mata faɗa kan barin majinyaci ya hau bene. Ba ta yi musu ba. Me za ta ce?

Bai tuna hawan ba. Kiran kawai ya tuna. Tun daga ranar, in ta yi masa magana daga kicin ko ta bayansa, sai ya sandare, ya ƙi amsawa har sai ta zagayo ya ga bakinta na motsi. Wata safiya tausayinsa ya kama ta, ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannunsa, ta faɗi sunan nan da ya yi shekaru yana roƙo. Ya toshe kunnuwa da tafukansa, hawaye na zuba.

"Don Allah kar ki ƙara, Gimbiya. Direban ya ishe ni."

Gem kuwa ya daina. Ɗakin ya yi shirun da ta je nema har ƙarƙashin gada, sai ga shi ta kasa runtsawa a cikinsa. Da ta rufe ido sai ta tsinci kanta tana sauraro, ko za a ce na'am. Ta yi ta juyi kwana da kwanaki, tana zuwa aiki da jajayen idanu, har ta ƙona zanin gadon otal.

Wani yammaci ta dawo, ta yi salla, ta ɗauko wayar daga ƙarƙashin filo. Ta kashe bulutut, ta buɗe gem ɗin da kanta, ta ƙure muryar wayar, ta danƙa masa a hannu. Sannan ta kwanta inda zai riƙa ganin fuskarta, ta ja mayafi.

"Yi ta harbi, Direba," ta ce. "Barci nake so in yi."