Bidiyon Hannun Inna

"Rufe abin nan," in ji Malam Sada, baban Zaituna.

Zaituna ba ta rufe ba. Hannayenta duka biyu suna tallafe da hannun Inna na dama, in ta saki zai zube kamar jiƙaƙƙen tsumma.

A fuskar kwamfutar kuwa wasu Turawa mata ne, daga su sai ɗan kamfai da 'yar shimi, suna tsalle ana buga musu kiɗa.

"Ka gani da idonka ko, Yaya Malam?" in ji Gwaggo Larai, ƙanwar babanta, tana tafa hannu. "Abin da yaron Dutsin-Ma ke aiko ma ɗiyarka ke nan. Cikin ɗakin marar lafiya, da rana tsaka!"

"Baba, wallahi ba shi na kunna ba. Bidiyon motsa hannu ne ya ƙare, wannan ya biyo baya da kansa..."

Malam Sada bai sake duban wurin ba. Ya sauke mayafin kafaɗarsa ya lulluɓe kwamfutar, kiɗan na ta tashi daga ƙarƙashi, ya ɗauke ta nesa da jikinsa kamar mai fitar da mushe.

A bakin ƙofa ya tsaya.

"A aika ma iyayen Ridwan. Sa ranar da za su zo yi Juma'a, na ɗage."

"Zuwa yaushe, Baba?"

Labule kawai ta ga yana lilo.

Farkon damina Inna Ramlatu ta faɗi a gaban murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Mata suka ce iska ce ta buge ta a hanyar rijiya. Aljanun ƙauyen Barkiya dai ba su da hutu, duk wanda hawan jini ya kayar su ake ɗora wa. A asibitin Katsina aka rubuta ƙwayoyi, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta nuna wa Zaituna yadda za ta riƙa motsa gaɓoɓin, sau ɗaya, a gurguje, ga layi a bayansu. Kafin mota ta kai Kurfi rabi ya zube daga kanta.

Ridwan ne ya samo dabara. Shagon buga takardu gare shi kusa da ƙofar jami'a a Dutsin-Ma, can suka haɗu tana kwalejin ilimi, ya buga mata aikin ƙarshe ya ƙi sakin zuciyarta. Ya san a Barkiya sabis sai an hau tudun bayan firamare, shi ma na gaisuwa ne, ba na kallo ba. Sai ya riƙa sauke bidiyon likitocin gashin ƙashi, na kyauta, a tsohuwar kwamfutarsa, ya cika ta da caji, Labaran mai babur ya kawo. Zaituna ta jingina ta da kwallar kayan Inna, tana kallo tana kwaikwaya. Inna na haɗiye ƙwaya da rubutun Malam, ba wanda ya yi faɗa da wani.

Kafin gero ya yi bununi, yatsun sun fara tura ƙwayar carbi.

Da la'asar sakaliya ta hau tudun, ta ɗaga waya sama har layi ya kama.

"Ridwan, ka kalli abin da ka sauke kuwa?"



"Na kalli na farko da na biyu," ya ce a hankali. "Jeri guda ne, Zaitu. Ɗalibai sun cika shago, sabis na jan ƙafa, sai na danna a sauke duka na juya."

"Ka juya."

"Ki yi haƙuri, hasken idona..."

"Ajiye hasken idon nan, yau ba ni da ƙarfin ɗaukarsa." Ta zauna a kan dutse. "Ni ke juya Inna, ni ke wanke ta, ni ke ba ta a baki. Abu ɗaya na bar maka. Ɗaya."

"Gobe ina nan tafe."

"Ba zai saurare ka ba. Gwaggo har ta fara aiko Kamilunta da kankana, wai dubiya. Sau nawa ake duba mutum ɗaya a yini?"

"Kin ci?"

"Mi?"

"Kankanar."

Dariya ta so kufce mata, ta danne.

"Na ba awaki."

Ya zo ɗin. Ya durƙusa a zaure tun azahar, Malam ya amsa sallama ya ci gaba da duba littafinsa. Zaituna na laɓe bayan ƙyaure tana jin Ridwan.

"Malam, sakacina ne, ita ba ta san komai ba. In an hana ni ita, na cancanta. Amma don Allah a mayar da kwamfutar ɗakin Inna."

"Allah shi kiyaye hanya," in ji Malam.

Kwamfuta ta ci gaba da kwana cikin adakar littattafai, Juma'a ta zo ta wuce. Zaituna ta koma yi da ka. Ta manta ko kafaɗa ake farawa ko gwiwar hannu, ta manta inda ake tsayawa. Ran nan ta ja da ƙarfi, Inna ta yi wani nishi da ya sa ta kasa sake taɓa wurin. Gwaggo ta kawo garwashi da ƙulle-ƙullen hayaƙi, ta turnuƙe ɗakin har marar lafiya na tari.

"Wannan shi ne maganin da muka gada," ta ce. "Ba rawar tsirara ba."

Yatsun suka fara naɗewa, suna komawa cikin tafin hannu.

Wata safiya Malam ya zo gaisuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa yadda ya saba. Carbi na yashe a ƙasa. Inna na kallonsa, hannun na kwance a cinyarta, dunƙule.

"Ba tana ja da kanta ba kwanaki?"

Da a da ne Zaituna sai ta sunkuyar da kai. Yau gajiya ta cinye tsoron.

"Tana ja, Baba. Na manta yadda ake yi. Ni ba likita ba ce, kallo nake ina kwaikwaya." Hawaye ya zubo, ba ta share ba. "Ka ɗage aurena, na ji, na bi. To hannun Inna mi ya yi?"

Leɓen Inna ya motsa. Da ƙyar maganar ta fito, a karkace.

"Malam... ɗauko."

Ya juya ya fita. Zaituna ta ɗauka shi ke nan. Sai ga shi da abin a naɗe cikin mayafi, ya tuɓe takalmi, ya shigo har ciki ya zauna a tabarma.

"Kunna mani daga farko. Na yanke hukunci a kan abin da na gani na ƙiftawar ido."

Wani dattijon likita ne mai furfura ya bayyana, yana buɗe yatsun wata tsohuwa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya gyara tabarau. Ya kalli na yatsu, ya kalli na wuyan hannu, ya kalli na kafaɗa, bai ko motsa ba. Da kiɗan nan ya taso ya mai da ido ga azarar rufi.

"Wanga a goge shi."

Tana gogewa fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Caji ya ƙare.

Zaituna ta kama hannun Inna da sauri, kafin abin ya sake zube mata, ta fara da ɗan ƙaramin yatsa.

"Ba haka ya yi ba," in ji Malam. "Babban ya fara. Ya dafa nan, ya jira, sannan ya buɗe."

Ta dube shi. Mutumin da ya ɗauke izu sittin da ka tun yana saurayi, kallo ɗaya ya ishe shi.

"Matsa."

Ya karɓi hannun matarsa ya ɗora a kan gwiwarsa. Tunda aka haifi Zaituna ba ta taɓa ganin ko gefen rigarsa ya gogi Inna ba. Ta rasa inda za ta sa idonta. Inna ma ta kau da kai, ɓarin fuskarta mai rai yana murmushi.

Daidai nan Gwaggo ta ɗaga labule da kaskon hayaƙinta.

"Yaya Malam! Gaban ɗiya?"

"Matata ce, Larai. Fita da hayaƙin nan, yana sa ta tari." Bai ɗago ba, yana lallaɓa babban yatsan har ya miƙe. "Ki kuma ce ma Kamilu an gode da kankana, ta isa haka."

Labule ya koma.

"Ke kuma," ya ce da Zaituna, "ki gaya ma yaron nan iyayensa su zo Juma'ar nan. Ya haɗo da na ƙafa, in akwai na harshe ma ya sauke. Amma ya zauna ya kalla har ƙarshe kafin ya aiko gidan mutane."

Ba ta san lokacin da ta kai tudun ba.

"Ridwan..."

"Na'am, Zaitu. Lafiya? Inna ce?"

"Baba ya ce Juma'a."

Ta ji wani abu ya faɗi a shagon, kamar kujera.

"Ki sake faɗa."

"Sabis ba zai kai ba. Ya ce na ƙafa da na harshe, kuma ka kalla duka."

"Sau biyu zan kalla. Wallahi har da rubutun ƙarshe." Ya ja numfashi. "Yanzu an yarda in ce hasken idona?"

"Ka ce," ta amsa tana lumshe ido. "Amma a gajarce. Baba ya karɓe ni aiki, barci zan je in yi."