Allurar da Ba Ta Tashi a Tsaye

Injin motar asibiti ya fashe a tsakiyar tudu, mai naƙudar da ke ciki ta rasa ɗanta kafin wata motar ta iso. Ƙanwar wani Sajan na 'yan sanda ce. Ya rantse wanda ya yi wannan sai ya gwammace kiɗa da karatu, ya sa aka rufe Tsoho, makaniken da ya gyara turbon motar, wato abin da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi.

Direba ya ce allurar agogon iska ba ta motsa ba tun da suka tashi. Sajan ya buɗe bonet. Siririn tiyon da ke kai iska ga agogo an toshe shi da ɗan ƙwallon ƙarfe na boris, tiyon murfin da ke rage iska in ta yi yawa kuma an yanke shi da reza. Wannan ba ganganci ba ne, mugunta ce tsagwaronta. Direba dai ba zai haƙa ramin da shi ma zai faɗa ba, aka sallame shi.

Sai ga Gwani, tsohon abokin aikin Tsoho, wanda Tsoho ya kora a bainar jama'a saboda sa kayan jabu. Babu wanda ya kira shi. Ya ce yana bakin gareji lokacin gwajin motar bayan gyara, da idonsa ya ga allura ta haye ja, alamar haɗari, Tsoho ya yi biris.

Sajan ya kai wa Tsoho maganar, tsohon ya girgiza kai.

"Ɗana, ba a auna turbo a tsaye. Sai mota ta hau hanya tana ja allura ke tashi. A gareji, ko ka take totur, da ƙyar take wuce sifiri."

Sajan ya gwada da wata motar. Haka ne kuwa. Ya koma wurin Gwani zuciyarsa na tafasa.

"Motar na tsaye ka ga ja?"

"A tsaye, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake. Ka san iska za ta wuce kima, don kai ka yanke tiyon bayan gwaji."

A akwatin kayan aikin Gwani aka sami boris mai giɓin ƙwallo ɗaya. Gwani ya durƙusa yana cewa sunan Tsoho kawai ya so ɓatawa.

Sajan ya sa masa ankwa, ya matse ta har sai da ta ci nama, bai kuma ji tausayinsa ko ɗigo ba.

"Tsoho zai wanke sunansa," ya ce. "Jaririn ƙanwata kuwa ko suna ba a raɗa masa ba."