Mutum Tara Kafin Ƙarfe Huɗu

"Ba za a kawo mana juya gidan nan ba," in ji Yaya, tana zaune a falo tana yanke farce. "Allurar annobar nan fa ta yi, kuma ita ke yi wa mutane. Kowa ya san mahaifa take ƙonawa."

Tela, ƙaninta, ya sunkuyar da kai. Shekara biyu yana neman auren Nas, ma'aikaciyar jinya a asibitin garin, amma ranar bai kare ta ba. Yaya ta bi gida-gida da zancen, aka fasa maganar aure.

Nas ta sha kuka har idanunta suka kumbura.

"Wallahi sai na rama, Umma," ta ce wa mahaifiyarta.

"Ki bar wa Allah, 'yar nan."

"Na bar masa, amma ina so a yi a kan idona."

Bayan wata huɗu annobar ta kashe maƙwabcin su Tela. Likita ya ce lallai a yi wa mahaifiyarsu rigakafi, don tana da asma. Sai ga Yaya a asibiti riƙe da tsohuwa, gaban teburin Nas, murya ƙasa-ƙasa.

Nas ta gaida tsohuwa da ladabi, sannan ta dubi Yaya.

"Kwalba ɗaya ta mutum goma ce. In na buɗe, awa shida ta lalace. Doka ta hana in buɗe wa mutum ɗaya. Ki nemo tara kafin ƙarfe huɗu."

"Ina zan samo su, ƙanwata?"

"Yau ni ce ƙanwa? Gidajen da kika bi kina ɓata ni nan za ki koma. Ai kin san hanya."

Haka Yaya ta yini cikin rana tana ƙaryata kanta ƙofa-ƙofa, mata na mata dariya: "Au, mahaifar ta daina ƙonewa?"

Da ƙyar ta haɗo bakwai. Ta naɗe hannun rigarta, ta zama ta takwas. Na tara ya shigo a ƙarshe, da zare maƙale a wuyan rigarsa.

"Akwai zafi?" Tela ya tambaya, bai iya kallonta ba.

"Hannu zai yi tsami kwana biyu. Ni wata huɗu na yi."

"Ki yafe mini. Na ji tsoron Yaya, na bar ki ke kaɗai."

Ta soka allurar, ba ta tausaya ba. Sai da ta manna masa auduga ta ce, "Ka je ka faɗa wa Umma da bakinka."

Da aka tashi sa rana, tsohuwa da kanta ta turo Yaya da saƙon. Wanda ya yaɗa ƙarya a kan abin da bai sani ba, wata rana da ƙafarsa zai bi yana kwashe ta.