Jan da Ke Bangon Zakiyyu

Da la'asar sakaliya Zakiyyu mai hoto ya taso daga Kankiya zuwa gida Kusada, da ƙullin leda rataye a hannun babur. Abin da ke cikin ledar bai fi sabulun wanka girma ba: baƙar na'ura mai ido ɗaya na gilashi, da doguwar waya. Aikinta auna launi. A kafa ta tana kallon bango, majigi ya haska, ita kuma ta gaya wa kwamfuta ko ja ya yi yawa, ko shuɗi ya yi kaɗan.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kusada da wannan tarkace. To, bai san Zakiyyu ba. Idonsa shi ne jarinsa, kuma yana ji da shi har abin ya so ya yi yawa. Duk bikin da za a yi daga nan har Kunduru shi ake kira, don shi kaɗai ke fito da atamfa yadda take a jikin mai ita. Ya kafa majigi a falonsa don duba bidiyon biki kafin ya kai wa masu shi, sai majigin ya dinga mayar da fuskokin mutane kamar an shafa musu manja. Wata biyu abin yana ci masa rai.

Sodangi mai gyaran talabijin ne ya samo masa na'urar, ta hannu, cikin kayan wani mai gidan kallo da ya bar sana'a.

"Mi ya sa ya bari?" Zakiyyu ya tambaya.

"Oho. Ni dai ban jona ta ba," in ji Sodangi, yana goge hannunsa a riga bayan ya miƙa ta.

Rana na faɗuwa ya isa gida, ya tarar an kawo wuta. Aikin kuwa sai cikin duhu ƙirin ake yinsa. Ya toshe tagogi da barguna, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Saura abu ɗaya. Bango ɗaya ne fari sumul a falon, kuma a samansa akwai Ayatul Kursiyyu cikin gilashi, wadda mahaifinsa ya rataya tun ranar da aka tare. Gilashin yana mayar da haske, zai ɓata awo. Ya taka kujera ya sauke ta, ya miƙa wa matarsa Rukayya.

"Maigida, da magaribar nan za ka sauke ta?"

"Minti ashirin ne. Kuma kada ki taɓa ƙohwar nan ko mi kika ji. Haske kaɗan ya shigo, aikin ya lalace."

"To sallah hwa?"

"In na gama."

Ya zura sakata. Ya ɗora na'urar a kan ƙafar kyamara, idonta na kallon bango, ya jona wayarta.

Fankar majigi ta fara huci. Bango ya yi fari, ya yi toka, ya yi kore, ya yi shuɗi. Daga nesa ladan yana kiran sallah. Kwamfuta ta ba da amsa: ja ya yi yawa. Zakiyyu ya yi murmushi, ai dama ya faɗa. Ya rage ja da rimot, ya sake awo.

Ja ya yi yawa.

Ya ƙara ragewa. Da idonsa yana ganin bangon ya fara komawa ruwan ganye, amma lambar ja a kwamfuta sai hawa take. Ya yi tsaki, ya ce Sodangi ya haɗa shi da ruɓaɓɓen kaya.

Sai ya ji ƙarni. Irin na mahauta da hantsi, kafin a kora ruwa. Ya shinshina hannunsa, ba daga nan ba ne. Can wajen bango wani abu yana ɗiga a siminti, ɗis, ɗis, a hankali.

Tsikar jikinsa ta tashi. Da mai hankali ne, da nan ya kunna fitila. Shi kuwa taurin kai ya sa ya danne rimot, ya mayar da ja sifili.

Ɗakin ya koma ruwan kududdufi. A cikin wannan hasken ya ga abin da na'urar take aunawa tun ɗazu.

Yana tsaye tsakaninta da bango, dogo har ya ranƙwafa a ƙarƙashin silin. Ba fata a jikinsa, kamar ragon da aka gama feɗewa. Ya manna fuskarsa a idon na'urar yana leƙawa ciki. Jini yana bin yatsunsa yana ɗiga.

Zakiyyu ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Harshe ya ƙi.

Abin ya juyo.

"Kai ka ce ya yi yawa," ya faɗa cikin raɗa. "Ka kwashe nawa. Kawo naka."

Wayar na'urar ta fizge daga kwamfuta ta naɗe wuyansa. Aka ɗaga shi sama, aka maka shi da bango. Ya ji haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Kafin ya kai ƙasa an sake ɗauka, an buga shi a kan tebur, teburin ya rabe biyu. Ya kai naushi, hannunsa ya nutse cikin nama mai zafi, ya fito jiƙe.

Ya samu numfashi guda, ya kwarara ihu.

A tsakar gida Rukayya ta sallame sallah a firgice. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya. An ce kada ta taɓa.

"Maigida? In buɗe?"

Ba amsa, sai kakari.

A ciki gwiwar abin ta danne ƙirjin Zakiyyu. Yatsu masu santsi suka banƙare fatar idonsa ta dama. Harshen abin ya sauko, mai kaushi kamar na kyanwa, mai zafi kamar garwashi. Ya lashe.

Sannan na hagu.

Rukayya ta suri taɓarya. Bugu na uku sakatar ta tsinke, hasken ƙwan tsakar gida ya faɗo ɗakin, tana karanta duk abin da ya zo bakinta da ƙarfi. Ƙwan majigi ya fashe. Ta ja mijinta ta ƙafa har waje, waya na shaƙe da wuyansa, kansa yana bugun dokin ƙofa.

Ba ta jira kowa ba. Ta jefa na'urar a turmi ta daka ta lilis, ta cinna wa turmin wuta.

Haƙarƙari biyu suka karye, suka kuma warke. Likitan ido ya haska, ya auna, ya ce bai ga komai ba. Kuma gaskiya ne Zakiyyu yana gani tar, yana zura zare a allura. Ja ne kawai babu. Tumatir da barkono toka-toka yake ganinsu, haka lalle, haka garwashi. Biki ɗaya ya ɗauka bayan nan, aka dawo masa da hotunan, ya naɗe kyamara ya ajiye. Ya yi kuka a ɓoye, don bai iya wata sana'a ba.

Da kaka ta yi Rukayya ta haihu. Ungozoma Iyatu ta fito da jaririn cikin zane tana guɗa, mata suna ta faɗin ga yaro jajawur, tubarkalla. Ta miƙa masa don ya yi masa huɗuba.

Zakiyyu ya buɗe zanen. Ya daɗe yana kallo. Abin da ke hannunsa launin toka ne tun daga kai har ƙafa.

"Iya," ya ce a hankali, "ki gaya mani gaskiya. Yana da rai?"