Bangon Da Ya Ƙi Bushewa

Ranar da aka kawo mai fenti ya duba banɗakin gidan tsohon direba, 'yarsa Auta ce ta riƙe wa mai fentin tsani. Fentin bangon duk ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Shi yana kallon bango, ita tana kallon ƙeyarsa. Da ya sauko ido ya faɗa cikin ido, sai ga burushi a ƙasa. Uhm!

Ya kankare bangon tas, ya ce wa mahaifinta, "Baba, danshi ne ya ci shi. Sai ya bushe ƙarau fenti zai zauna. A koma wanka a banɗakin waje, zan riƙa leƙowa."

Kullum da hantsi sai ya zo, ya ɗora tafin hannu a bango, ya girgiza kai. Auta ta kawo ruwan sanyi, a ɗan taɓa hira. Kwana uku aka ce, ga sati biyu bango na jiƙe.

Bawan Allah bai sani ba, ja'irar ce ke shiga da buta kowace safiya tana yayyafa wa bangon ruwa.

Ya turo saƙo: "Bangonku ya ɗaure min kai, ke kuma kin ɗaure min zuciya."

Ta amsa: "Allah ya sa kada ya bushe."

Baba dai ya gaji. "Kai, ko ba ka san aikinka ba, ko ba bango kake zuwa dubawa ba. Wanda bango ɗaya ya gagara ne zai riƙe min 'ya? Kwashe kayanka!"

Aka kira wani mai daɗin baki, ya lafta fenti a yini ɗaya, har da tambayar ko an yi wa Auta miji. Kwana goma fentin ya fara zubowa a bokitin Baba.

Auta kuwa abinci ya ƙi shiga. Ta durƙusa gaban mahaifiyarta. "Mama, ba laifinsa ba ne. Ni nake jiƙa bangon."

Mama ta yi dariya har da hawaye, ta kai labari ɗaki.

Baba ya ce, "Ashe gaskiya yaron yake faɗa. Da mayaudari ne, da tuni ya shafa ya wuce. A kira shi. A kuma kawo min butar nan."

Da mai fenti na farko ya dawo ya ji komai, ya dubi Auta ƙasa-ƙasa. "Ashe ke ce danshin nawa."

Ta rufe fuska da mayafi. "To da ya bushe, ai da ka tafi."

Kwana uku bango ya bushe, wata uku aka ɗaura aure. Har yau Danshina yake kiranta, fentin kuma ko gezau. Ba ta ƙara jiƙa bangon kowa ba, tunda mai dubawar yana gida. Allah ya ba su zaman da ba ya ɓarewa, ya kawo zuri'a mai albarka.